Kashi Arba'in na Gidan Lorraine

Ranar Talatar da aka kira Lorraine Pickersgill a waya, tana tsaye a kicin ɗin makarantar firamaren da take wa aiki, hannuwanta tsundum cikin ruwan wanke-wanke. Ta goge su a jikin rigar aikinta, ta ɗauka. Muryar wata budurwa ce, mai irin ladabin nan da ake koya wa mutum a ofis. Ta ce daga ƙungiyar gidaje take kira, kan bashin hayar gida mai lamba goma sha bakwai.

"Wane bashi kuma?" in ji Lorraine. "Ai duk wata ana biya."

"Wata biyar ke nan ko sisi bai shigo ba, Misis Pickersgill. Fam dubu biyu da ɗari bakwai. Sau shida muna aika saƙo."

"Ni ban ga takarda ko ɗaya ba."

"Ta imel muke aikawa. Adireshin da muke da shi na Mista Dale Pickersgill ne."

Ta daɗe riƙe da wayar bayan an kashe. Bev, abokiyar aikinta mai zuba wa yara abinci, ta leƙo ta taga ta ce, "Ke Lorraine, wa ya mutu?"

"Ba komai," in ji ta, ta mayar da hannuwanta cikin ruwan. Mutanen garin Rotherham na tsararta haka aka rene su: ko gidanka ne ke ci da wuta, idan aka tambaye ka sai ka ce ba komai.

Gidan ba nata ba ne duka, kuma ba na haya ba ne duka. Kashi arba'in cikin ɗari ta saya, da fam dubu hamsin da shida, diyyar da aka biya ta bayan injin ɗaga kaya ya danne mijinta Stuart a wurin aiki ya mutu. Sauran kashi sittin na ƙungiya ne, shi take biya wa haya, fam ɗari biyar da arba'in a wata har da kuɗin kula da unguwa. Albashinta bai kai abin da ƙungiya ke son gani ba, shi ya sa aka rubuta sunan ɗanta Dale kusa da nata a takardar gidan, ko da yake bai zuba komai ba. Sun yi magana tsakaninsu: duk ƙarshen wata ta ba shi ɗari uku a hannu, ya cika sauran, banki ya cire daga asusunsa. Bara ya koma zama da budurwarsa Kayleigh, ya ce wannan ba zai canza komai ba.

Da ta tashi daga aiki ba ta biya ta gida ba. Wurin Dale ta wuce, ta tarar da shi a kan kujera, wandonsa fari fat da ƙurar filasta, yana cin soyayyen dankali daga takarda. Kayleigh ce ta buɗe mata ƙofa, cikinta ya fara fitowa.

"Mama! Da kin ce kina tafe ai da an ajiye miki."

"Ina kuɗin hayata, Dale?"

Ya ajiye takardar a hankali. Bai yi mamaki ba, kuma wannan ya fi komai yi mata zafi. Fuskarsa ta nuna mutumin da ya daɗe da shirya amsa.

"Motar aiki ce ta tsaya mini a watan Mayu. Ba mota, ba aiki. Ga wani mutumin Sheffield ya riƙe mini kuɗin aikin gida biyu. Aro na yi, Mama, ba ci na yi ba."

"Aro? Ka tambaye ni?"

"Da na tambaya ai da kin ba ni. To mene ne bambancin?"

"Wata biyar ina miƙa maka kuɗi kana sumbatar goshina."

"Don kada hankalinki ya tashi na ɓoye. Ga shi yanzu kin ji, dubi yadda kika koma. Mutanen nan baki ne kawai da su. Gidanki ne, kin saya da kuɗinki, wa zai fitar da ke? Kafin Kirsimeti zan share komai."

"Za ki sha shayi, Lorraine?" in ji Kayleigh daga bakin kicin.

Ta sha shayin. A hanyar komawa ta riƙa tambayar kanta dalilin da ya sa ta sha.

Kwana goma ta yi tana lissafi a bayan takardar kuɗin lantarki, lissafin yana fitowa iri ɗaya. Ɗari uku take iya biya. Duk wata bashin zai ƙaru ko da ba ta saɓa ba. Akwai kuma katin bashi da ta ci don jana'izar mahaifiyarta, da kamfanin da ya ba ta kujeru tana biya kaɗan-kaɗan. Hanya ɗaya ta gani: ta sayar da kasonta, ta biya kowa, ta kama ɗaki ɗaya kusa da makaranta da abin da ya rage.

Jami'in ƙungiya da ya karɓe ta sunansa Mista Oakden, mutum mai sanyin murya da igiyar katin shaida a wuya. Ya saurare ta har ta gama, yana gyaɗa kai.

"Kina da damar sayarwa, babu shakka. Da farko za ki kawo mai ƙiyasta kuɗin gida, cikin waɗanda muka amince da su. Fam ɗari uku ne, daga aljihunki. Ƙiyasin nasa wata uku yake aiki, idan ya wuce sai a sake sabo. Daga nan muna da mako takwas mu nemo mai saye. Kuma ba a fara komai sai duka masu suna a takarda sun sa hannu."

"Ɗana ne ɗayan. Zai sa."

"Madalla."

"Kafin nan, ko zan iya komawa wurin ƙawata in ba da gidan haya, kuɗin ya riƙa zuwa muku?"

"Takardarki ta hana. Ba ki mallaki gidan duka ba."

"To injin ɗumama gidan yana wani irin ƙara. Tunda kashi sittin naku ne..."

"Gyara duka na mai gida ne, Misis Pickersgill. Ke ce mai gida."

Ta kalle shi ko zai ji abin da ya fito daga bakinsa. Bai ji ba. Ya tura mata takardu uku da ɗan littafi mai hoton iyali suna dariya a bakin ƙofa.

Mai ƙiyasi ya zo a farkon Nuwamba, ya zagaya ɗakuna da ma'auninsa minti ashirin, ya rubuta cewa kasonta ya kai fam dubu sittin. Ranar Lahadi ta gasa kaza da dankali kamar yadda Dale ke so, ta kira shi shi kaɗai. Sai da ya ci ya ƙoshi ta ajiye takardar da biro kusa da farantinsa.

Ya karanta har sau biyu.

"Dubu sittin. Wato talatin-talatin ke nan."

"Me ka ce?"

"Sunana na nan, Mama. Na tambayi wani abokina da ya san doka. Rabi nawa ne."

"Kuɗin jinin ubanka ne, Dale."

"To ubana ne ai, ba uban wani ba. Da yana raye da zai so jikansa ya zo duniya a ɗaki ɗaya saman shagon masu gasa naman kebab? Ke kullum kanki kike gani. Ni shekara huɗu ina cika miki haya, wa ya ce mini na gode?"

"A gidan kake kwana, a gidan kake ci."

"Ga shi nan kuma, gori." Ya ture kujera ya miƙe. "Ni ma ban yarda da ƙiyasin nan ba, ya yi arha. A bari bazara ta yi, gidaje su tashi. Ba na sa hannu a kan asara."

Ya ɗauki ragowar kazar a cikin roba zai kai wa Kayleigh. Lorraine ce ta nemo masa murfin.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Mako na biyu na Disamba injin ɗumama gida ya mutu. Mai gyara ya ce ɗari bakwai, ta biya da katin bashi, watan nan ba ta aika wa ƙungiya komai ba. Duk da gyaran ba ta kunna shi sai awa ɗaya da safe, saboda mitar gas na cin kuɗi kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Ta koma zama a kicin da rigar sanyi biyu, ta rufe sauran ɗakunan. Ɗakin Dale ya fara yin baƙin danshi a kusurwa. Takan buɗe ta duba yadda yake yaɗuwa, ta sake rufewa.

Sai masu bin bashi suka fara kiran waya. Masu katin bashi sau uku a rana, masu kujeru sau biyu, har a wurin aiki. Suna kiran ta da sunanta na yanka kamar sun san ta tun tana yarinya, suna maganar kotu da masu kwashe kaya. Ƙungiyar gidaje kuwa ba ta ɗaga murya. Takarda take aikowa, fara, mai gaisuwa a sama da fatan alheri a ƙasa. Lorraine ta yi abin da duk mai jin kunya zai yi: wanda ya fi yi mata tsawa shi take fara biya. Fam arba'in nan, sittin can. Takardun ƙungiya ta jera su bayan tukunyar shayi, wasu ma ba ta buɗe ba. A ranta tana cewa waɗannan ai abokan tarayya ne, gida ɗaya suka haɗa, za su jira.

Kirsimeti ta zo ta wuce, Dale bai share komai ba. Ya aiko mata hoton jaririn da ke ciki daga asibiti, da saƙo: "Namiji ne, Kaka!" Ta kalli hoton har idonta ya yi ruwa, ba ta san ko na murna ba ne. Duk lokacin da ta yi maganar sa hannu sai ya ce yana kan tsani, ko yana tuƙi, ko Kayleigh ba ta jin daɗi kada a tayar mata da hankali. Farkon Fabrairu ƙiyasin ya mutu, ɗari ukunta ya bi ruwa. A makon ne takardar kotu ta iso: uku ga Maris, ƙarfe goma da rabi.

Bev ce ta tsince ta a ɗakin ajiye kayan abinci tana zaune a kan buhun dankali da takardar a hannu. Ta karɓa ta karanta.

"Wannan ne ba koman naki? Tashi. Laraba akwai mai ba da shawara kan bashi a laburare. Ko da jan ki zan yi a ƙasa sai kin je."

"Ba na son in tona asirin yaron."

"Yaro? Ƙato mai shekara talatin da gemu? Da nawa ne da tuni na sa shi a kwandon shara ranar kwasa."

Mai ba da shawarar sunanta Farzana, mace mai ƙaramin jiki da tabarau, ba ta ɓata lokaci wurin jaje. Ta baje takardun a tebur, ta ware su kashi biyu. Ta ɗora hannu a kan tulin masu kati da masu kujeru.

"Waɗannan daga yau kada ki ƙara ba su komai, ni zan rubuta musu. Haushi ne da su, ba cizo. Wannan," ta taɓa farar takardar ƙungiya, "shi ne mai cizon."

"Amma ai ba za su iya karɓe kasona ba. Saye na yi."

Farzana ta cire tabaraunta.

"Ki saurare ni da kyau, Lorraine. A idon doka ke 'yar haya ce, har ranar da kika mallaki gidan duka. Idan ranar shari'a bashin ya kai hayar wata biyu, alƙali ba shi da zaɓi, dole ya ba su gidan. Da a ce da bashin banki kika saya, da bankin zai biya don kare kuɗinsa. Ke kuwa da kuɗi hannu kika saya, ba mai tsaya miki. Idan suka karɓa, babu dokar da ta tilasta musu su mayar miki da ko fam ɗaya."

"Dubu hamsin da shida?"

"Duka."

Lorraine ta ji ɗakin ya yi nisa da ita. A can gefe ana karanta wa yara tatsuniya, suna tafi.

"Hayar wata biyu dubu ɗaya da tamanin ce," in ji Farzana. "Ana bin ki kusan dubu huɗu. Dole ranar nan ya zama ƙasa da dubu ɗaya da tamanin, ko da da fam ɗaya ne. Kuma ki lura: ɗaya ga Maris sabuwar haya za ta hau kai, kwana biyu kafin kotu. Ita ma sai an biya."

Mako uku da suka biyo baya Lorraine ba ta san yadda suka wuce ba. Ta sayar da ƙaramar motarta. Ta kai zobenta na aure da na Stuart shagon masu sayen zinariya, aka ɗora su a sikeli kamar albasa. Ta sayar da sandunan kamun kifinsa ga wani mutum da ya yi ta ciniki a bakin ƙofa. Bev ta kawo ɗari biyar a ambulan, kuɗin hutun da take tarawa, ta ce idan Lorraine ta yi mata godiya za ta mare ta. Farzana ta samo ɗan tallafi daga wani asusun agaji. Lorraine ta kama sharar ofisoshi da asuba kafin makaranta, ta riƙa tafiya a ƙasa. Ranar ashirin da bakwai ga Fabrairu ta zuba albashinta kusan duka a kai. Bashin ya sauko dubu ɗaya da hamsin.

Saura hayar Maris, kuma ba abin da ya rage a gidan da wani zai saya.

Ta je wurin Dale a inda yake aiki, wani gida da ake gyarawa. Ya sauko daga tsani yana goge hannu.

"Na yarda," in ji ta. "Rabi naka ne. Ka biya hayar Maris, mu wuce kotu, ka sa hannu, a sayar, ka ɗauki rabinka."

Fuskarsa ta washe. Ya rungume ta, ƙurar filasta ta manne a rigarta.

"Kin ga? Da tun farko haka kika ce. Ɗari biyar da arba'in kawai? An gama."

"Ba ni a hannu in kai da kaina."

Ya sake ta. "Wato har yanzu ɓarawo kike ɗauka na."

"Ban ce ba."

"Kin ce mana. A gaban mutane kin zo kina karɓar kuɗi a hannuna kamar mai bin bashin caca." Ya zaro waya ya latsa, ya juya mata fuskarta. "Ga shi, na mayar da izinin banki. Ɗaya ga wata zai fita da kansa. Ko sai na rantse da jaririn da ba a haifa ba?"

"Kada ka rantse da shi."

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta san abin da Farzana za ta ce, ta san abin da Bev za ta ce, amma ba su ne suka ga idonsa ba lokacin da ya ce ɓarawo. Ta koma gida a ƙasa.

Ranar biyu ga wata ta kira ofishin ƙungiya. Budurwar nan mai ladabi ta duba ta ce hayar Maris ta shigo, bashi dubu ɗaya da hamsin. Lorraine ta sa ta maimaita. Ta kira Farzana ta gaya mata, Farzana ta ce to, su haɗu a kotu. A daren ta kunna injin ɗumama gida awa uku.

Zauren jira na kotun cike yake da mutane masu riƙe da takardu a leda, ba mai kallon wani. Ƙarfe goma da minti goma lauyan ƙungiya ya zo, saurayi ne da bai fi Dale ba, da tarin fayil a hammata. Ya tambayi wace ce Misis Pickersgill, ya miƙa wa Farzana takarda ɗaya. Lorraine ta ga yadda bakin Farzana ya tsuke.

"Mene ne?"

"Kuɗin ɗaya ga wata ya dawo," in ji lauyan. "Ba kuɗi a asusun. Yakan nuna kamar an biya, sai bayan kwana biyu banki ya janye. Yau da safe bashin dubu ɗaya da ɗari biyar da casa'in ne."

"Jiya aka ce mini..."

"Jiya haka ya nuna. Ki yi haƙuri."

Farzana ta ja shi gefe tana roƙon a ɗaga shari'ar mako ɗaya. Ya ce ba shi da izini, umarnin da aka ba shi ke nan. Ta dawo ta ce wa Lorraine, "Fam ɗari biyar da goma sha ɗaya, kafin a kira mu. Kira shi."

Sai a kira na huɗu ya ɗauka. Ana jin rediyo da ƙarar guduma a bayansa.

"Mama, ina kan aiki."

"Kuɗin ya dawo, Dale. Ina kotu. Saura minti goma."

"Kai! Inshorar mota ce ta riga su cira, na manta da ita sam. Ki ce wa alƙalin Litinin. Litinin mutumin nan zai biya ni, na rantse."

"Ba Litinin. Yanzu. Ka ara, ka roƙi wanda kake wa aiki, ka tambayi Kayleigh."

"Kuɗin Kayleigh na keken jariri ne, ba zan taɓa ba. Haba Mama, alƙali mutum ne. Wa zai ƙwace gida a kan kwana uku? Ki yi masa bayani, ki ɗan yi kuka. Kin iya ai."

Aka kira sunanta.

Ɗakin ƙarami ne, ba kamar na talabijin ba: tebur, kujeru, da wata dattijuwa mai furfura a kujerar alƙali. Farzana ta yi magana da kyau. Ta faɗi diyyar Stuart, da kusan dubu uku da aka biya cikin mako uku, da kiran jiya. Alƙaliyar ta saurara, ta juya takardu, ta tambayi lauya adadin yau. Ya faɗa. Ta tambayi Lorraine ko tana musun adadin.

"Ba na musu, ranki ya daɗe. Ɗana ne zai biya Litinin."

Alƙaliyar ta ajiye takardun.

"Misis Pickersgill, da doka ta bar mini ƙofa da na bi ta. Ba ta bari ba. Iyakar abin da zan iya shi ne in ba ki mako shida maimakon biyu."

Minti bakwai aka yi. Lorraine ta ce na gode, ta miƙe, har ta gyara kujerar da ta zauna a kai.

Farzana ta rubuta wa ƙungiya wasiƙa uku tana roƙon su mayar da wani abu don tausayi. Amsa ɗaya ta zo, da sa hannun Mista Oakden, cewa ana duba lamarin bisa ƙa'ida kuma suna yi mata fatan alheri. Ba wanda ya karya doka a cikinsu. Kowa ya yi aikinsa da ladabi, ya tashi ƙarfe biyar. Litinin ɗin da Dale ya ce ta zo ta wuce, da wasu Litinin biyar a bayanta.

Ranar fita, tsakiyar Afrilu, rana ta fito sosai. Bev ta share mata ƙaramin ɗakin da jikokinta ke kwana idan sun zo, mai gado ɗaya da kabad. Lorraine ta gama ɗaure kwalaye tun safe. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya motar Dale ta tsaya a ƙofa. Ya shigo yana shafa ƙeya, idonsa ja saboda rashin barci. Kwana tara ke nan da Kayleigh ta haihu.

"Na zo in taimaka da kaya." Ya duba falon da ba komai. "To yanzu yaushe za su ba mu kuɗin? Ko cire bashinsu za su yi su aiko da sauran?"

"Ba sauran."

"Kamar yaya?"

"Ba kuɗi, Dale. Ba rabi, ba kwata. Na gaya maka a waya, na rubuta maka."

"Na ɗauka tsorata ni kike yi." Ya zauna a kan kwali, ya riƙe kai. Ta tsaya tana jira. Ba ta san abin da take jira ba, kalma ɗaya wataƙila. Can ya ɗago.

"Dubu talatin. Da kin yarda tun Nuwamba da yanzu an sayar. Taurin kanki ne ya ja mana, Mama. Kin san abin da kika yi wa jikanki?"

Ta ɗauki tsintsiya ta share wurin da ya shigo da ƙura, don an ce a bar gidan da tsabta, in ba haka ba za a caje ta.

Can ya miƙe ya shiga kicin. Ta ji ya buɗe firji ya rufe.

"Wannan fa? Ɗakin Bev ba zai ɗauke shi ba. Namu ya yi ƙanƙanta, ga madarar jariri."

"Ɗauka."

Ya zare wayar daga bango, ya karkato shi, ya kama sama. Shi kaɗai ba zai iya fitar da shi ba. Lorraine ta jingina tsintsiyar, ta durƙusa ta sa hannuwa a ƙasan firjin, gwiwoyinta suka yi ƙara. Suka fito da shi ta ƙofar gaba, shi yana sama, ita tana ja da baya a kan matakala uku, duk nauyin ya gangaro kan ƙirjinta. A mataki na biyu hannunta ya zame kaɗan.

"Haba Mama, riƙe da kyau mana," in ji Dale. "Kada ki bar mini nauyin ni kaɗai."